"An Kwafo" Ba Sunan Kowa Ba Ne

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a Facebook da WhatsApp: mutum ya kwashi rubutun wani ɗungurungum, ya goge sunan mai shi, ya liƙa "an kwafo" a ƙasa, yana ganin ya sauke nauyi. Bai sauke ba. Ya amsa cewa kayan ba nasa ba ne, sannan ya ɓoye mai kayan.

Haƙƙi biyu ne a nan, ambaton suna da neman izini, kuma ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi duka biyun: a jingina wa marubuci aikinsa, kuma shi ke da ikon amincewa a kwafa shi. Maɓallin rabawa na Facebook yana tafiya da sunan marubuci da hanyar komawa shafinsa. Kwafar rubutu a manna a wani shafi kuwa yanke wannan igiya ne.

Masu fakewa da cewa ilimi suke yaɗawa sun manta malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi. Rubutun da aka raba da mai shi, in ƙarya ne babu wanda za a tuhuma, in marubucin ya yi gyara gyaran ba zai iske masu karatu ba.

Akwai marubutan Hausa da ake karanta littattafansu a YouTube ba da saninsu ba, kuɗin talla na shiga aljihun wasu. Neman izini bai wuce saƙo ɗaya ba. Mai gudun tura shi, galibi ya san amsar da zai samu.