Lissafin Kasuwa a Cikin Aji: Fa'idodi da Illoli

A kasuwar Birnin Ƙonni, ko ta Badagishiri a gundumar Illela, ko a bakin titin Galmi lokacin da albasa ta fito, ba baƙon abu ba ne a ga yarinya 'yar shekara goma ta sayar da kashi uku, kowane a kan dala talatin da biyar, a miƙa mata jika, ta mayar da canjin dala casa'in da biyar ba tare da ta taɓa alli ba. Tunda kowace dala sefa biyar ce, lissafin da ta yi shi ne 1000 a cire 175 sau uku, saura 475. Idan aka rubuta mata shi haka a allon aji, ba lalle ne ta iya ba.

Masu bincike sun daɗe da lura da wannan giɓi. A 1985, Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann sun buga nazarin da suka yi kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Birazil. Yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin daidai a wurin ciniki, amma da aka ba su irin lissafin a takarda, lambobi zalla, sai abin ya faɗi zuwa kusan kashi 37. Daga irin wannan bincike ne ra'ayi ya yi ƙarfi cewa a gina darasin azuzuwan farko a kan lissafin da yaro ya zo da shi daga gida, kuma a cikin harshensa. A Nijar maganar ba sabuwa ba ce, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin dokar ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ra'ayin yana da amfani, yana kuma da haɗari, kuma ya dace iyaye da malamai da masu sa ido kan makarantu su dubi ɓangarorin biyu kafin su tsayar da shawara.

Fa'idodi

Babbar fa'ida ita ce gyara hukuncin da ake yanke wa yaro. Sau da yawa akan ce wane ba shi da kan lissafi, alhali abin da ya gagare shi rubutun lissafin ne da harshen da aka yi tambayar. Malamin da ya fara gwada ɗalibi da ciniki a baki yana iya bambance wanda bai gane ɗebewa ba da wanda ya gane ta amma bai san yadda ake jera ta a allo ba. Waɗannan yara biyu ba magani ɗaya suke buƙata ba.

Dabarun kasuwa kuma lissafi ne na gaske. Mai talla da za ta ninka talatin da biyar sau uku takan ware talatin ta ninka, ta ware biyar ta ninka, sannan ta haɗa. Ƙa'idar da za a koya mata ke nan da sunan Faransanci bayan shekaru. Wajen ba da canji takan ƙirga daga farashi ta hau har ta kai kuɗin da aka ba ta, wato ta san ɗebewa da tarawa 'yan gida ɗaya ne. Ƙirgen dala shi kansa ninkawa da biyar ne kullum. A Ƙonni akwai ƙari: iyakar Najeriya tana kusa, yara suna tashi suna jin 'yan canji suna juya naira zuwa sefa, farashin yau daban da na jiya. Wannan shimfiɗa ce mai kyau ga darasin kwatanta adadi da adadi, idan malami ya san yadda zai hau kanta.

Akwai batun sunayen lambobi. Ƙirgen Hausa a sarari yake: goma sha bakwai, tamanin da bakwai, casa'in da bakwai. A Faransanci, 97 sai an ce ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. A 1994 Xavier Seron da Michel Fayol sun kwatanta yaran Faransa da na Beljiyam, inda ake da suna guda na 70 da na 90, suka ga yaran Faransa sun fi yin kuskure wajen rubuta irin waɗannan lambobi. Idan haka ya faru da masu harshen, sai a auna nauyin da ke kan ɗan Malbaza da ya fara jin Faransanci ranar da ya shiga aji. A gwajin PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe goma, ɗaliban Nijar da suka kai matakin da ake so a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba, yayin da Burundi, mai koyar da azuzuwan farko da harshen Kirundi, ta zo kan gaba. Wannan kaɗai bai tabbatar da cewa harshe ne sanadi ba, tunda ƙasashen biyu sun bambanta ta fuskoki da dama, amma alama ce da ba a kamata a kau da kai daga gare ta ba.

Hanyar tana kuma buɗe wa iyaye ƙofa. A jihar Tawa ne hukumar JICA ta Japan ta fara tallafa wa shirin École pour Tous a 2004, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye da malamai da ake kira COGES, daga baya kuma aka shigo da darussan ƙarin lissafi bayan tashi daga aji. Uban da bai yi lakkol ba ba zai iya duba kaye na Faransanci ba, amma zai iya tambayar ɗansa kuɗin buhu bakwai na albasa, ya kuma gane ko amsar daidai ce.

Illoli

Illa ta farko ita ce zaton cewa gwanintar kasuwa za ta tsallaka cikin aji da kanta. Binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Elizabeth Spelke da abokan aikinsu suka buga a mujallar Nature a 2025, kan yara sama da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, ya nuna akasin haka. Yaran sun ƙware a lissafin ciniki, amma mafi yawansu sun kasa a rubutaccen lissafin da bai fi shi wuya ba; 'yan makaranta da ba sa ciniki kuma sun iya na takarda, suka rikice a na kasuwa. Sanya albasa da gyaɗa cikin tambaya bai wadatar ba. Dole a zauna a nuna wa yaro, mataki bayan mataki, inda abin da ya yi a ka yake zaune a cikin abin da aka rubuta.

Dala ma, da aka lissafa cikin fa'idodi, tana iya zama tarko. An rubuta 100 a jikin kuɗi, yaro ya saba kiransa ashirin. An rubuta 500, ya san shi da ɗari. Ga ɗan aji ɗaya ko biyu da bai riƙe gurbin ɗaiɗai da na gomomi ba tukuna, wannan na iya dagula masa karatun lamba gaba ɗaya. Haka awon tiya: ta wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, kuma tozon da ake yi mata ya danganta da hannun mai awo, alhali kilo da lita ba sa canzawa.

Sannan lissafin kasuwa yana da iyakar da ba ya wucewa. Yana da ƙarfi a tarawa da ɗebewa da ninkawa, yana da rauni a dogon rabawa, a lambobin da ba su kai ɗaya ba, a awon fili da aljabara. Rabi da sulusi da sudusi sun fi rayuwa a hannun malaman rabon gado fiye da kan teburin mai koli. Wanda zai yi aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, ko ya auna ruwan da ke ratsa magudanun gonakin rani na Ƙonni, ko ya nemi gurbi a jami'ar Tawa, yana buƙatar lissafin da ba ya dogara da kuɗi ko kaya. Idan aka daɗe a kan misalin ciniki, ana iya rufe wa yaran karkara wannan hanya ba tare da an yi niyya ba, kuma wannan rashin adalci ne babba.

Akwai illar da ta shafi gida. Yabon basirar masu talla na iya zama hujja ga wanda dama yana son cire 'yarsa daga makaranta, ya ce ai kasuwa ma tana koyarwa. Binciken Recife da na Indiya ba su faɗi haka ba. Awannin da yarinya ta yi da faranti a ka daga lokacin karatunta aka yanke su.

Nauyin duk wannan a wuyan malami yake. A tantancewar da gwamnatin Nijar ta yi wa malaman kwantiragi a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Ba laifinsu kaɗai ba ne, domin da yawa an tura su aji ba tare da isasshen horo ba, amma koyar da lissafi cikin harshe biyu ya fi koyar da shi cikin ɗaya wuya, littattafan Hausa ba su wadata ba, kuma karatun kwaleji da jarabawar BEPC da Faransanci ake yi. Yaron da aka sauya masa harshe ba shiri yana iya rasa na baya bai kama na gaba ba.

Ya kamata kuma a san gwargwadon hujjar. Nazarin Recife da ake yawan kafa hujja da shi yara biyar kawai ya ƙunsa, na Indiya kuma a manyan birane aka yi shi. Ba kowane ɗalibi a Illela ko Malbaza ke talla ba, kuma a aji ɗaya akan sami 'ya'yan Fulani da na Buzaye waɗanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, misalin da ya fi kusa da su kuwa na garke ne da rijiya.