Filin Ɗalibai: Ba A Raba Abu Gida Sifiri

Jama'a masu karatu, musamman ɗalibanmu na unguwar Sabo a Badun da ke shirin jarrabawar WAEC, yau za mu duba wata tambaya ta aljabara wadda ta sha cinye wa yara maki. Idan aka tara lissafi biyu masu lambar sama da ta ƙasa, waɗanne lambobi ne suka halatta su tsaya a madadin x?

Tushen maganar shi ne ba a raba abu gida sifiri. In aka raba 12 gida 3 ana samun 4, domin 4 sau 3 shi ne 12. Amma babu lambar da za a ninka sau sifiri ta ba da 12.

Tun da aka kafa Sabo a 1916 aka san ta da fataucin goro da shanu, saboda haka bari mu ɗauko misali daga can. A ce fatake x za su kai goro Kano. Kuɗin dako naira 60,000, kowa zai biya, watau 60,000/x. Kuɗin mota naira 600,000, amma an ɗauke wa dattawa biyu, watau 600,000/(x−2). In su 12 ne, wanda ba a ɗauke wa ba zai biya 5,000 da 60,000, jimla 65,000. In x sifiri ne, rabon farko ya rushe. In 2 ne, na biyu ya rushe, don babu mai biyan mota. Ashe jimla ba ta tsayuwa sai kowane ɓangare nata ya tsaya. A takarda kowace lamba ta halatta ban da 0 da 2. A kasuwa kuwa sai cikakkiyar lamba daga 3 zuwa sama, tun da babu rabin falke.

Ga inda tarkon yake. A tara 1/(x−2) da (x−3)/(x−2), za a sami (x−2)/(x−2), watau 1. Sai ɗalibi ya ga lambar ƙasa ta ɓace, ya ce kome ya halatta. Ina! Har yanzu 2 haramtacciya ce, gama tun farko ita ke mai da ƙasa sifiri.

Don haka kafin ku tara ko ku soke wani abu, ku bi kowace lambar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da ke mai da ita sifiri, ku ware shi gefe, sa'an nan ku ci gaba da aiki.

Allah ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa.