A Daina Zubar Da Ƙarfe Marar Tsatsa Cikin Gwangwan

Duk wanda ya shiga asibiti, ko ma'aikatar sarrafa madara, ko ta yin lemon kwalba, zai ga tankuna da bututu da kayan aiki masu sheƙi waɗanda ruwa ba ya cinsu. Wannan shi ne ƙarfe marar tsatsa, wanda a kasuwa akan haɗa shi da sauran fararen ƙarafa a kira su silba. Babu wata babbar ma'aikata a Nijeriya da ke narka shi, saboda haka da kuɗin ƙasashen waje ake sayo falle da sanda da bututunsa. Abin takaici shi ne, in kayan suka tsufa, ko aka yanka suka bar ɓarɓashi, sai a jibga su wuri ɗaya da tsohon baƙin ƙarfe a sayar a kan awo.

Tun da wani Bature mai suna Harry Brearley ya gano shi a Shefil ta Ingila cikin 1913, an san cewa asirinsa yana ga wani ma'adini da ake kira kuromiyam. In ya kai kashi 10.5 cikin ɗari na ƙarfen, sai ya yi masa wata siririyar fata wadda ke hana tsatsa kama shi. Irin da aka fi amfani da shi, watau mai lamba 304, yana da kuromiyam wajen kashi 18, da nikel wajen kashi 8. Ashe ke nan cikin kowane tan guda na tarkacensa akwai kuromiyam kilo 180 da nikel kilo 80, waɗanda tuni ƙasar nan ta biya kuɗinsu. In aka narka shi tare da baƙin ƙarfe don yin rodin gini, wani sashe ya bi kashin ƙarfe ya salwanta, sauran kuma ya saje cikin rodin da bai bukace shi ba. Wannan ita ce kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Ƙasashen da suka gane darajar abin ba sa wasa da shi. Sin ce ke yin fiye da rabin ƙarfe marar tsatsa na duniya. Indunisiya ta hana fita da ɗanyen nikel daga ƙasarta tun Janairun 2020, ta kuwa shiga sahun manyan masu yin ƙarfen. Afirka ta Kudu, mai arzikin kuromiyam, tana da ma'aikatar Columbus a garin Middelburg. A Turai da Amurka kuwa, fiye da rabin abin da ake zubawa a tanderu tsohon tarkace ne, domin ƙarfen ba ya rasa ƙwarinsa ko sau nawa aka narka shi. Ma'aikatun da Gwamnatin Tarayya ta kafa, daga ta Ajaokuta wadda aka ba Rashawa kwangilarta cikin 1979 har zuwa ta Aladja da aka buɗe cikin 1982, duk ƙarfen gama-gari aka nufa da su. Don haka tarkacen da ke hannu shi ne jarin da ya fi kusa.

Ɓarnar tana somawa ne tun daga bakin inji. Wannan ƙarfe yana da taurin kai wajen yanka da huda: ba ya saurin watsa zafi, sai zafin ya taru a bakin wuƙar inji, kuma in wuƙar ta dusashe tana goga maimakon ta ci, wurin da ta goga sai ya ƙara tauri. Makanikin da ya saba da baƙin ƙarfe, in ya sa inji gudu kamar yadda ya saba, zai ƙona bakin huda, ya kuma ɓata sandar da aka sayo da tsada. Maganin abin sananne ne, watau a rage gudun inji, a yi aiki da wuƙa mai kaifi, a riƙa tura ta ba tare da tsayawa ba, a kuma wadata wurin da ruwan sanyaya.

Har ila yau, ƙarfen iri-iri ne. Mai lamba 303 an sa masa farar wuta don ya yi sauƙin yanka, amma ba ya son walda, bai kuma kai 304 jure wa tsatsa ba. Mai lamba 316 yana da wani ma'adini, molibdinam, wanda ke sa ya jure wa gishiri. Mai lamba 430 ba a sa masa nikel, mayen ƙarfe yana kama shi. Akwai kuma jerin 200, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis. Mayen ƙarfe ba ya kama shi, kamar dai 304, saboda haka wanda ya dogara ga wannan gwaji kaɗai yana iya sayen mai araha da kuɗin mai tsada. In aka cuɗanya ɓarɓashin waɗannan duka, mai narkawa ba zai san abin da zai fito masa ba, dole ya karya farashi.

Gaskiya ne an daɗe da sanya tarkacen ƙarafa cikin kayan da aka hana fita da su ƙasashen waje. Amma hani kaɗai bai isa ba. Ɗan gwangwan ba zai ɓata lokacinsa yana tsince silba ba, sai in ya san akwai mai biyansa fiye da kuɗin baƙin ƙarfe.

Saboda haka abu uku ya kamata a yi. Na farko, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta tabbata kowane falle da sanda da aka shigo da su suna ɗauke da lambarsu ta gaskiya. Na biyu, Asusun Horar da Ma'aikata da kwalejojin fasaha, kamar ta Kaduna da ke maƙwabtaka da masu sana'ar Panteka, su koya wa makanikai yankan wannan ƙarfe da ware ɓarɓashinsa, kowace lamba da durominta. Na uku, Cibiyar Binciken Ƙarafa ta Jos ta taimaka wa masu ƙananan tanderun lantarki su riƙa narka tsintaccen tarkace suna zuba sassan famfo da na injin niƙa. Gwamnatocin jihohi kuma su yi wa dillalan gwangwan rajista, don a rarrabe mai neman halak da ɓarawon kayan jama'a.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran a kammala Ajaokuta. Durom huɗu da fenti sun isa a soma a kowace ma'aikata. Lalle ƙasar da ke sayen ƙarfe da dala ba ta da hujjar zubar da shi a juji.