Ba Rowa Ce Ta Kashe Gidauniyar Manhajar Nan Ba

Jama'a, tun makon jiya ake jifan mu da magana guda: wai mutanen Azare ba sa goyon bayan matasansu, wai da ɗan wani gari ne ya zo da wannan fasaha da tuni an cika masa asusu. Na yi shiru saboda muƙamin da nake riƙe da shi a ƙungiya, amma abin ya kai ana zagin dattawan da suka shekara talatin suna cire kuɗi daga aljihunsu don garin nan. Shi ya sa zan faɗi nawa.

Ga waɗanda ba su bi zancen ba, wasu ƙannenmu ne suka ƙirƙiro wasa a kan tarihin ƙasar Katagum. Irin wasan nan ne da ake zama a kewaye tebur, wani ya zama Malam Zaki, wani ya zama barde, wani fatake, mutum ɗaya yana jan labarin, ana jefa ƙwaya irin ta lido don a ga wanda dabararsa ta ci. Turawa sun daɗe suna yin irinsa; wanda ya fi suna, Dungeons & Dragons, ya fito tun 1974. Mu ma ba baƙonmu ba ne, domin duk wanda ya ga tashe ko kalankuwa ya san yadda saurayi ke zama alƙali ko sarki na kwana biyu. Tunanin ya burge ni ƙwarai, kuma har gobe yana burge ni. Sai dai abin da suka buɗe wa gidauniya ba wasan ba ne. Manhajar waya ce da za ta riƙa rakiyar wasan, tana ajiye makin kowa, tana tuna dokoki, tana nuna taswira. Suka saka lambar asusu, aka yi wata guda ana yaɗawa a WhatsApp da Facebook, abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba.

To, ni ne mai riƙe da littafin ƙungiya, na san hannun mutanen nan. A kawo maganar mara lafiya da ke kwance a asibiti ana neman kuɗin aiki, kafin la'asar an haɗa. A ce famfon unguwa ya lalace, ko rufin aji ya yaye da damina, za ka ga mai sayar da rake ya kawo nasa. Mutumin da ke yin haka ba marowaci ba ne. Abin da yake so shi ne ya san inda kuɗinsa zai tsaya. Rijiyar burtsatse tana da ranar gamawa, zai je ya sha ruwanta. Manhaja fa? Ranar da aka ce an gama ta, ranar ce kashe kuɗi ya fara.

A nan nake so ƙannena su tsaya su saurara, don wannan ne suka ƙi faɗa wa jama'a. Kafin ka ɗora manhaja a kasuwar Google sai ka biya dala 25, ta Apple kuwa dala 99 ce duk shekara. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne kwamfutar da za ta riƙe bayanan masu wasa, wadda ake biyan hayarta wata-wata, galibi da dala. Kowa ya ga abin da ya faru da naira: kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ga shi in aka sabunta Android, wani lokaci sai an koma an yi gyara, in ba haka ba manhajar tana iya daina buɗewa. Wa zai biya mai gyaran a shekara ta biyu? Za a sake kafa wata gidauniyar ke nan? Gudummawa sau ɗaya ake bayarwa, ita kuwa manhaja kamar doki ce, kullum sai ta ci.

Kuma kada wani ya ce wannan ciwon namu ne na 'yan Arewa. A Amurka, inda wasan nan ya samo asali, wani kamfani mai suna Trapdoor Technologies ya yi aikin manhajar rakiya ta Dungeons & Dragons da izinin masu wasan. A 2014 aka raba gari, sai kamfanin ya garzaya Kickstarter, dandalin da ya fi suna wajen karo-karo ta intanet, yana neman dala 425,000 don ya ƙarasa aikin da sunan Codename: Morningstar. Ko rubu'in kuɗin bai samu ba, kuma ƙa'idar Kickstarter ita ce in ba ka cika adadin da ka nema ba, ko sisi ba za ka ɗauka ba. A dandalin nan dai, a 2021, wani wasan tebur mai suna Avatar Legends ya tara sama da dala miliyan 9. Masu wasa iri ɗaya, aljihu iri ɗaya. Bambancin shi ne masu Avatar littafi suka yi alkawari, wanda za a kawo maka har gida, ka riƙe a hannu, ko kamfanin ya rushe naka yana nan. Manhajar da ta yi nasara a wannan fage, D&D Beyond, ba da karo-karo aka gina ta ba. Kamfani ne mai jari ya fito da ita a 2017, da lasisin masu wasan, ga miliyoyin 'yan wasa suna jira, har Hasbro ya saye ta a 2022 a kan dala miliyan 146.

Ku lura da wannan: miliyoyin 'yan wasa suna jira. Na tambayi ƙannena mutum nawa ne suka taɓa zama suka buga wasan nasu daga farko har ƙarshe. Suka dubi juna. Su kansu ba su gama rubuta dokokin ba. Wato ana neman kuɗin sirdi da linzami alhali ba a sayi dokin ba. Mai rakiya ai sai da mai tafiya. Wanda bai taɓa jin daɗin wasan ba, me zai sa ya biya kuɗin abin da zai sauƙaƙa masa lissafin maki? Ko waɗanda suka iya wasan, takarda da fensir sun ishe su, kuma takarda ba ta neman caji ko data, abin da duk mai zama a Azare ya san darajarsa.

Akwai kuma maganar amana, wadda ba na jin daɗin tayarwa. Asusun da aka saka na mutum ɗaya ne. Babu kasafi a rubuce, babu wanda aka ce zai binciki kuɗin, babu bayanin abin da zai faru in an tara rabi kawai. Ban ce yaran za su ci ba, na san iyayensu. Amma jama'ar da ta sha ganin kuɗinta ya tafi a MMM a 2016 tana da haƙƙin ta yi tambaya kafin ta tura ko naira ɗari biyar ce. Ko adashin mata a unguwa yana da uwar adashi da ranar kwasa.

Wani zai ce ai a Afirka ma an yi nasara. Gaskiya ne, an yi. Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru sun nemi tallafi a Kickstarter a 2015, suka samu, wasansu Aurion ya fito a 2016. Amma cikakken wasa suka kawo, sun shafe shekaru suna aikinsa, kuma mutane sun ga samfurinsa yana motsi kafin a ce su kawo kuɗi.

Inda na yarda da masu ƙorafi shi ne, mu manya muna da saurin kiran duk wani wasa shiririta. Wannan laifinmu ne. Yaro a garin nan zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal kaf, amma bai san cewa sai a 1916 aka dawo da hedikwatar masarauta daga garin Katagum zuwa Azare ba. In wasa zai koya masa wannan, ni ina maraba da shi.

Saboda haka ga abin da zan gabatar a zaman ƙungiya mai zuwa, kuma na riga na shaida wa shugaba. A ba yaran zauren taronmu kyauta duk yammacin Asabar na wata uku. Su rubuta dokokin a shafi goma, ƙungiya ta biya kuɗin hoton takarda, a nemo malamin tarihi ya duba abin da suka faɗa a kan sarakuna don kada a yi ɓaram-ɓarama. A gayyato ɗaliban sakandare su buga. In bayan wata ukun yara suna dawowa da ƙafarsu ba tare da an kira su ba, sai a buɗe gidauniyar buga wasan a kwali, da asusun ƙungiya mai sa hannun mutum uku, kuma duk wanda ya bayar a ba shi kwafi. Maganar manhaja a ajiye ta tukuna. Ƙannena, in kun amince da haka ku same ni kafin ranar Alhamis, don in saka ku a jerin abubuwan da za a tattauna.