Ƙari a Zuciya Ba Hukuncin Kisa Ba Ne, In An Gan Shi da Wuri

Idan aka ce wa mutumin Shanga ƙari ya fito wa ɗan'uwansa a cikin zuciya, likkafani ne zai fara faɗo masa a rai. Ban ga laifinsa ba. Sai dai likitoci sun daɗe da sanin cewa wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarin da ke tsirowa daga zuciyar kanta ba ciwon daji ba ne. Wanda ya fi kama manya, miksoma, tsoka ce mai laushi da ke reto, galibi a ɗakin sama na hagu. Tun 1954 Clarence Crafoord ya cire irinta a ƙasar Suwidin, da taimakon injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu yayin tiyata, matar kuwa ta yi shekaru da dama a duniya bayan haka. A yau akasarin waɗanda aka yi wa aikin suna warkewa, ba kasafai ƙarin ke dawowa ba.

Na dajin dai labarinsa ba daɗi: ko an yanka, da yawa ba sa wuce shekara guda.

Abin da ke damuna shi ne yadda mai warkuwar ke kashe mutane a ɓoye. Tsokar takan toshe ƙofar da jini ke bi, sai haki da kumburin ƙafa, wani lokaci suma idan mutum ya sauya kwanciya. Takan kuma gutsure, ɓarɓashin ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. To, a ce matashin masunci ne ya yanke jiki ya faɗi a bakin tafkin Kainji. Wa zai kawo zancen zuciya? Iska za a ce, ko sammu, a shiga hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure.

Alhali gano cutar ba ya bukatar wuƙa. Na'urar ɗaukar hoton zuciya, wadda ake kira eko, tana nuna ƙarin cikin mintuna kaɗan, kamar yadda ake duba mai juna biyu. Tiyatar ce mai nisa da tsada. An fara buɗe zuciya a Najeriya tun 1974, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau cibiyoyin da ke yin aikin a kai a kai ba su da yawa, kuɗinsa kuma miliyoyi ne, ba na manomin albasa ba.

Ba na roƙon a gina ɗakin tiyatar zuciya a Shanga. Cutar ba ta da yawan da zai sa a yi haka. Roƙona ga gwamnatin Kebbi shi ne na'urar eko da wanda ya iya karanta ta a Yauri, domin mutanen Ngaski da Shanga, tare da asusun da zai ɗauki wanda aka gano zuwa inda za a yi masa aiki. Na'urar nan ita ce kuma za ta gano yaran da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya, waɗanda sun ninka masu ƙari yawa nesa ba kusa ba.