Gubar da ke kwance cikin lakar mashaya

Ƴan'uwa makiyaya da fataken shanu, duk wanda ya taɓa kai garke cin rani arewacin Binin ya san kogin Alibori da na Sota. Ta ƙasar auduga suke ratsowa kafin su zuba cikin Kwara, Sota ma daf da Malanbil, tsallaken Gaya.

Shekara da shekaru ana fesa wa audugar nan endosulfan. A daminar 1999 zuwa 2000 ya kashe mutane da dama a Borgu, amma sai a 2008 Binin ta hana shi. To, an hana, sai dai feshi bai tsaya ba, magani aka sauya.

Irin wannan guba ba dukanta ke bin ruwa ta wuce ba. Laka take kamawa ta kwanta. Da rani ruwa ya ja baya, shanu su kutsa su dama taɓo, su sha. Abin da ya shiga cikin saniya yana iya taruwa a kitsenta, ya fito a nonon da ƴaƴanmu ke sha. Bafatake ma kada ya ce babu ruwansa, naman nan shi yake kaiwa kasuwa.

Saniya ta taɓa gona, nan take a yanka mana tara. Wanda ya wanke tulun feshi a mashaya fa, wa ya taɓa kiransa gaban hakimi?

Muna neman ma'aikatan kiwo su riƙa ɗibar lakar mashaya suna aunawa, ba ruwan sama-sama kaɗai ba, su faɗa wa ardo-ardo sakamakon kafin garke ya sauka. A kuma hana noman auduga har bakin gaɓa.