Wace takarda ta fi? Gardamar da ke ɓatar da masu naɗa taba

Idan kaka ta yi a fadamun Auyo, daga Gamsarka har Ayama, 'yan ƙwadago kan cika gonakin shinkafa, kuma duk inda suka taru ba a rasa mai tebur da goro, alewa, ashana da sigari. Amma ba kowane mashayi ne aljihunsa ke ɗaukar tabar kamfani ba. Wasu sukan koma ga dabarar da: a murje busasshen ganye a tafin hannu, a zuba a 'yar takarda, a lashi bakinta, a naɗe. Daga nan sai gardama ta tashi kan wace takarda ce ta fi. Wani ya ce Rizla, wani ya ce fallen littafin makaranta ma ya wadatar, wani kuma ya yagi tsohuwar jarida bai ko duba ba.

Gardamar ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Takardar da aka yi musamman don naɗi tana da dogon tarihi, garin Alcoy na ƙasar Sifen ya yi suna da ita ƙarnuka da suka wuce, Rizla kuwa ta fito ne daga gidan Lacroix na Faransa. Ana yin irinta da zaren itace ko na tsirrai dangin rama, a murje ta ta yi shara-shara, a kan kuma sa mata alli don ya daidaita yadda wuta ke cin ta. Ɗanƙon da ke bakinta, wanda ake lasa, galibi ƙaro ne, wannan dai ƙaron da ake ɗiba a dazukan Jigawa, Yobe da Borno a kai Turai. Ke nan abin da ya bar nan a buhu yana iya dawowa a 'yar fakiti da tsadarsa.

Jarida da littafin makaranta kuwa ba don a ƙona a shaƙa aka yi su ba. Suna da kauri, suna ɗauke da tawada, rini da sinadaran da aka faranta su da su. Mai naɗi da su yana ƙara wa kansa dafi a kan dafi. Wannan kam babu ja.

Inda aka yi kuskure shi ne zaton cewa da an samu takarda mai kyau an tsira. Takarda ɗan ƙaramin kaso ce na abin da ke ƙonewa a kara ɗaya, sauran duk ganye ne. Ganyen taba kuwa, ko na kamfani ko wanda mutum ya shuka da hannunsa a bakin kogin Haɗeja, da zarar wuta ta kama shi hayaƙinsa na fitar da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Binciken da aka yi a ƙasashen da naɗi ya yawaita, irin su Ingila da Niyu Zilan, bai nuna tabar hannu ta fi ta inji sauƙin illa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa.

An taɓa yin irin wannan ruɗin a babban mataki. Kamfanoni sun shafe shekaru suna sayar da sigarin da suka kira mai sauƙi, wanda aka yi wa ƙananan huji a takardar gindinsa don iska ta sirka hayaƙin. Injin gwaji ya nuna kwalta ta ragu, amma ɗan Adam ba inji ba ne: mashayi sai ya toshe hujin da yatsa ko leɓe, ya ƙara zuƙa da ƙarfi don ya kai ga abin da jikinsa ke nema. Tarayyar Turai ta hana rubuta kalmomi irin su "mai sauƙi" a kwali a 2003, Amurka ta bi sahu a 2010.

A Najeriya, dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, ko da yake duk wanda ya san teburan tashar motar Haɗeja ya san inda wannan hanin ya kwana. A 2018 gwamnati ta ɗora harajin naira 1 kan kowane kara, ya kai naira 2.90 a 2020, daga baya kuma aka tilasta buga hotunan gargaɗi a jikin kwali. Duk matakai ne masu kyau, sai dai an ɗinka su ne daidai wuyan mai sayen kwali. Masunci ko ɗan ƙwadagon da ke naɗa tasa ba ya biyan harajin, ba ya ganin hoton gargaɗin, kuma yana tafe da yaƙinin cewa tasa ta gargajiya ce, babu sinadari.

Shi ya kamata ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukumar Auyo su nufa. Idan mutum ya zo asibitin ƙauye da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tambayar "Malam, kana shan sigari?" ba ta isa ba, domin mai naɗi na iya cewa a'a da zuciya ɗaya, tunda a ganinsa sigari shi ne na kwali. Sai an ƙara da "Kana naɗawa?", a kuma aika shi gwajin majina, tunda gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, shan taba kuma kowace iri ce na ƙara haɗarin kamuwa da shi.